Audu Baƙo: Ɗan sandan da ya tara wa manoman Kano ruwan rani

Duk kwandon tumatir da aka loda a Kwanar Gafan a tsakiyar rani, da duk buhun shinkafar da ya fito daga Kura, suna da alaƙa da wata shawara da wani ɗan sanda ya yanke fiye da shekara 50 da suka wuce. Shi ne Alhaji Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975.

Bai karanci aikin gona ba, kuma shi ba injiniya ba ne. Amma ya gane cewa manomin Kano yana da ƙasa, yana da ƙarfin aiki, abin da ya rasa shi ne ruwa na wata bakwai zuwa takwas a kowace shekara. A kan wannan ya ɗora manufar gwamnatinsa ta noma, kuma har gobe ana cin moriyarta, ana kuma biyan kuɗin kurakuranta.

Daga bariki zuwa gidan gwamnati

An haifi Audu Baƙo a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aikin ɗan sanda. Ya yi makaranta a Kaduna, sannan ya wuce Midil ta Zariya. A 1942 ya bi sawun mahaifinsa ya sa kaki.

Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, daga baya aka ba shi kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan aiki ya sa ya san masarautu da gundumomi, ya kuma san yadda talaka ke rayuwa a ƙarƙashin hakimi da dagaci.

A ranar 27 ga Mayu, 1967, Yakubu Gowon ya raba Najeriya zuwa jihohi 12, ya naɗa Audu Baƙo gwamnan Kano. Jihar ta lokacin ta haɗa masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure, wato har da abin da ya zama Jihar Jigawa a 1991. Bayan 'yan makonni yaƙin basasa ya ɓarke, don haka sabon gwamnan ya fara aiki ne a lokacin da hankali da kuɗin ƙasa suka koma fagen daga.

Halin da ya tarar

Kano ta fi yawancin sassan Arewa cunkoson jama'a, gonaki ƙanana ne, kuma damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Kuɗin manomi a gyaɗa yake, ita ce ake jerawa dala-dala a birni kafin jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Legas. Da an gama kaka, samari su ɗaure kaya su tafi ci-rani. Noman rani kuwa na masu lambu ne a bakin fadama, suna ɗebo ruwa da jigo suna ba 'yan fangalinsu.

A gefe guda, Kogin Kano da Kogin Challawa sukan cika su batse da damina, ruwan ya wuce gabas, da rani kuma su koma rairayi. Tunanin Audu Baƙo da muƙarrabansa, ciki har da kwamishinansa na aikin gona, Alhaji Inuwa Dutse, shi ne a tare wannan ruwa idan ya zo, a riƙa sakinsa a lokacin da ake bukata.

Bagauda da Tiga

A 1969 aka fara gina madatsar ruwa ta Bagauda, domin ta shayar da gonakin gwaji a Kadawa. Nan ne aka gwada ko manomin da ya saba da gero da dawa zai karɓi noman alkama da tumatir ta hanyar kwalbati da magudana. Da aka ga abin ya yiwu, sai aka fuskanci babban aikin.

An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano a farkon shekarun 1970, aka kammala ta a 1974. Tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, abin da ya sa ta zama cikin mafiya girma a ƙasar nan. Hikimar aikin ita ce ba a bukatar injin turo ruwa. Tiga tana kan tudu, don haka ruwan yana gangarowa da kansa ta babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya isa gonakin Kadawa da Garun Malam da Kura da Bunkure. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna NEDECO ne ya tsara shirin, kuma kashin farko an yi niyyar ya shayar da hekta 22,000.

Ana cikin wannan gini ne farin 1972 zuwa 1974 ya afka wa yankin Sahel. Amfanin gona ya ƙone, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar neman ruwa da ciyawa. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki, dalar gyaɗa ba ta sake komawa yadda take ba. Waɗannan masifu biyu suka nuna cewa dogaro da damina da amfanin gona guda ɗaya kasada ce, suka kuma ƙarfafa hujjar masu son a tara ruwa.

Ba noma kaɗai ya amfana ba. Ruwan da ake saki daga Tiga yana cikin abin da matatar Tamburawa ke tacewa don birnin Kano, masunta sun sami sana'a, makiyaya kuma sun sami mashaya da rani.

Rabon ƙasar Ƙaraye

Hanyar da Audu Baƙo ya buɗe ba ta rufe da tafiyarsa ba. Gwamnatocin da suka biyo baya sun ci gaba da gina madatsai irin su Tomas da Watari da Gari, har Kano ta zama cikin jihohin da suka fi yawan dam a Najeriya.

Mafi girma bayan Tiga ita ce madatsar Challawa da ke Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, shekara 12 bayan rasuwarsa. Tana riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, tana kuma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976.

Sai dai an gina ta ne musamman don daidaita ruwan da ke gangarawa birnin Kano da kwarin Haɗeja. Ba a shimfiɗa mata magudanan ban ruwa masu faɗi irin na Kadawa ba. Shi ya sa manomi a Kurugu ko Turawa ko wani ƙauye a ƙasar Rogo, duk da yana maƙwabtaka da ɗaya daga manyan tafkunan Arewa, in yana son noman rani sai ya nemi injin ban ruwa, ya sayi fetur da tiyo daga aljihunsa. Wanda ba shi da wannan jari, sai ya jira damina kamar yadda kakansa ya yi.

Waɗanda suka biya kuɗin

Kowace madatsa tana da waɗanda ta ci. Tafkin Tiga ya tashi dubban mutane daga garuruwansu da gonakinsu. A cikin shirin ban ruwan kansa, ƙaramin manomin da ba ya iya sayen taki da biyan kuɗin tarakta yakan ba da hayar gonarsa ga mai hali. Fadamun da makiyaya ke kiwo da rani sun koma lambuna, wasu burtalai suka toshe. Ruwan da ke kwance a magudana kuma yana kawo sauro da tsargiya ga mutane, da ciwon hanta ga dabbobi.

Babbar asara ta faɗa wa na ƙasa. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ambaliyarsa ta kowace shekara ke raya dausayin Haɗeja da Nguru kafin ruwan ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Da aka tare ruwa a sama, ambaliyar ta ragu, masu noman shinkafar fadama da masunta da makiyayan can suka ji a jikinsu. Ruwan da ake saki duk shekara ba yankewa kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Masana tattalin arziki da suka yi nazari a shekarun 1990 sun nuna cewa abin da dausayin ke samarwa da ruwa kaɗan ya fi abin da manyan gonakin ban ruwa ke samarwa da irin wannan ruwan.

Rashin kulawa ma ya yi nasa ɓarnar. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, aka yi asarar rayuka da dukiya. Magudanan Kadawa kuwa sun yi shekaru suna cikewa da laka da ciyawa, sai da aka nemi rancen Bankin Duniya a 2014 don gyara su.

Ƙarshen mulki

A ranar 29 ga Yuli, 1975, sojoji suka hamɓarar da Gowon, Murtala Muhammad ya hau mulki, aka sauke gwamnoni 12 gaba ɗaya. Sani Bello ne ya gaje shi a Kano. Binciken da sabuwar gwamnati ta yi ya wanke gwamnoni biyu kacal, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Baƙo yana cikin goman da aka samu da laifi.

Ya koma Jihar Sakkwato ya kama noma, ya rasu a farkon 1980 yana da shekara 56 ko ƙasa da haka kaɗan. Duk da hukuncin 1975, Kanawa ba su goge sunansa ba. Sakatariyar gwamnatin jiha da gidan zu na Kano da Kwalejin Aikin Gona ta Dambatta duk sunansa suke ɗauke da shi. Ana kuma tuna shi da buɗe makarantun 'ya'ya mata a lokacin da iyaye da yawa ke ƙyamar hakan.

Shekara takwas ya yi a kan mulki, ya bar wa jihar ruwan da take sha take kuma noma da shi har yau. Abin da bai kammalu ba shi ne kai ruwan gonar ƙaramin manomi, da yashe magudana a kan kari, da ware wa makiyayi mashaya da burtali, da raba ruwa cikin adalci tsakanin Kano da Jigawa da Yobe. Wannan aiki yana wuyan gwamnatocin jihohin da Hukumar Haɗeja da Jama'are, kuma manoman Ƙaraye da Rogo na cikin masu jiran ganin an yi shi.