Henrietta Lacks, Matar Da Ciwonta Ya Zama Sanadin Magani

A yau filin namu zai kawo muku tarihin wata baiwar Allah, baƙar fata 'yar ƙasar Amurka, mai suna Henrietta Lacks, wadda ta rasu tun cikin 1951. Talaka ce 'yar manoma, ko firamare ba ta ƙare ba, amma da wuya a sami ɗakin binciken likitoci a duniya inda ba a san da ita ba. Ciwon da ya yi ajalinta kuwa, watau sankarar bakin mahaifa, shi ne har yau yake ɗauke mana iyaye da 'yan'uwa a Birnin Kebbi da Argungu da ƙauyukanmu na bakin gulbi. Saboda haka labarinta ya shafe mu.

An haife ta ran 1 ga Agusta 1920 a garin Roanoke cikin jihar Virginia. Tana da shekara 4 mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa ta 10. Uban ya ga ba zai iya riƙon yaran shi kaɗai ba, sai ya kwashe su zuwa wani ƙauye da ake kira Clover, ya rarraba su ga dangi. Ita Henrietta ta faɗa hannun kakanta, suka zauna a wata bukkar katako wadda a da ɗakin bayi ce. Noman taba shi ne sana'ar gidan, tun tana ƙarama take fita gona da sassafe, har ya kai ta bar makaranta a aji 6 don ta taimaka da aiki.

A gidan kakan nan ta tashi tare da wani ɗan'uwanta, David. Ta yi haihuwar fari tana da shekara 14, a 1935, ta sake haihuwa a 1939, aka kuma ɗaura musu aure a 1941, abin da mu a nan za mu kira auren zumunci. Daga nan suka yi ƙaura zuwa kusa da birnin Baltimore, inda maigidan ya sami aiki a masana'antar ƙarfe. A can ta ƙara haihuwar 'ya'ya 3, suka cika 5. Autan, wanda ta haifa a 1950, daga baya ya musulunta ya ɗauki suna Zakariyya. Waɗanda suka zauna da ita sun shaide ta da son baƙi da yawan girki, duk wanda ya zo daga ƙauye neman aiki a gidanta yakan sauka.

Tun kafin cikin autan take jin wani kulli a mararta. Ta gaya wa 'yan'uwanta mata, suka ɗauka ciki ne, aka kuwa yi dace da cikin, magana ta mutu. Bayan ta haihu sai jini ya riƙa zuwa mata ba a lokacinsa ba. Ran 29 ga Janairu 1951 ta tafi asibitin Johns Hopkins, wanda yake cikin 'yan asibitocin da ke karɓar baƙar fata a wancan zamani, shi ma a ɗaki dabam da na Turawa. Likita Howard Jones ya duba ta, ya ga ƙari a bakin mahaifa, gwaji ya tabbatar sankara ce. Aka fara ƙona ƙarin da wani ma'adini mai suna radiyam, wanda shi ne maganin da ake da shi a lokacin. Da fari kamar an sami sauƙi, ashe ciwon ya riga ya yi nisa. Cikin Agusta aka kwantar da ita, ba ta sake komawa gida ba. Ta cika ran 4 ga Oktoba 1951 tana da shekara 31, ta bar yaro bai daɗe da shekara ba. Aka binne ta a Clover, kabarin ko alama ba shi da ita sai a 2010.

To, a nan ne abin mamaki ya faru. Sa'ad da ake yi mata magani, an yanki ɗan ƙaramin nama daga ƙarin ba tare da an tambaye ta ba, aka kai wa wani masani, George Gey. Shi wannan mutum ya shekara da shekaru yana ƙoƙarin raya ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam a cikin kwalba, kullum sai su mutu bayan 'yan kwanaki. Na Henrietta kuwa suka ƙi mutuwa, kowace kwana ɗaya sai sun ninka. Aka ɗauki harufa biyu-biyu na farkon sunanta aka raɗa musu HeLa, aka rarraba su ga masu bincike ko'ina a duniya. Da su aka yi gwajin rigakafin shan inna na farko a 1954, da su kuma aka yi nazarin cututtuka da magunguna ba iyaka. Kamfanoni suka yi ta samun dukiya, alhali iyalinta ba su da labari sai bayan fiye da shekara 20, wasunsu ma kuɗin asibiti gagararsu yake yi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta, babban ɗanta Lawrence ya karɓi lambar yana tsoho.

A zamanin Henrietta ba wanda ya san abin da ke kawo wannan ciwo. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya dage a kan cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV. A 1983 da 1984 shi da abokan aikinsa suka gano iri 2 mafiya haɗari, lamba 16 da lamba 18, waɗanda ke haddasa kamar kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Da aka duba ƙwayoyin HeLa sai ga lamba 18 a ciki, watau an gano abin da ya kashe Henrietta bayan shekara 30 da ɗoriya. A 2006 aka fitar da allurar rigakafi, a 2008 kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

Ya kamata mu fahimci yadda ƙwayar take, don kada a zargi wadda ba ta da laifi. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu ƙwarai har yawancin mutane, maza da mata, sukan gamu da ita a rayuwarsu ba su sani ba. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka. Galibi jiki yakan kore ta da kansa. A jikin wasu ne takan zauna shiru, shekara 15 zuwa 20, tana canja fatar bakin mahaifa sannu a hankali har ta zama sankara. Maza ma ba su tsira ba, don takan kawo sankarar maƙogwaro da ta dubura da ta al'aura. Haihuwa da ƙuruciya, yawan haihuwa, shan taba da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna ƙara haɗarin.

Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu a duniya, 350,000 suka rasu, mafi yawansu a ƙasashe matalauta. A Nijeriya, a 2020, kimanin 12,000 suka kamu, 8,000 suka rasu. Abin da ya sa mutuwar ta yi yawa haka shi ne jinkiri irin na Henrietta. Mace za ta ga jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan ta daina al'ada, sai ta aika a tambayo mata malam hukuncin salla da azumi, wanda daidai ne, amma ba za ta tambayi likita ba. Wata ta ga ruwa mai wari ta ce sanyi ne, ta yi ta shan jiƙo tana turara shinkafarta, kunya ta hana ta gaya wa ko maigida. Ran da za a ɗauko ta a mota zuwa asibitin Sir Yahaya, aikin gama ya gama.

Mu kam Allah ya ba mu abubuwa 2 da Henrietta ba ta samu ba. Na farko allura. Ran 24 ga Oktoba 2023 Gwamnatin Tarayya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, sau ɗaya tak, Jihar Kebbi kuwa tana cikin rukunin farko. Waɗannan su ne yaranmu na manyan azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare, da 'yan'uwansu masu talla waɗanda ba sa zuwa boko. Ana so a yi musu tun kafin aure, domin allurar tana hana kamuwa ne, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Masu cewa tana hana haihuwa, a tuna musu an fara ta tun 2006, yaran da aka yi wa sun girma sun yi aure sun haihu. A Ingila bincike ya nuna a 2021 ciwon ya ragu da kashi 87 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13.

Na biyu gwaji. Duk macen da ta kai shekara 30 ta nemi a duba ta ko da ba ta jin komai. 'Yan mintoci ne, ana kuma iya roƙon ma'aikaciya mace ta yi. In an ga alama tun ba ta zama sankara ba, akan kawar da ita cikin sauƙi. A tambaya a sashen mata na babban asibitin Argungu ko asibitocin Birnin Kebbi. Dokta Zainab Shinkafi Bagudu ta daɗe tana wannan kira.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Uwa ta shawo kan maigida a kai yarinya allura, kishiya ta raka kishiya gwaji, wadda ta ga jini ba a lokacinsa ba kada ta kwana da shi a ciki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mana zuriya. Sai mun sake saduwa.