Jean Rouch: Baƙon da Ajali ya Tarar a Ƙasar Ƙonni

Cikin manyan baƙin da sunansu ya shiga tarihin ƙasar Ƙonni akwai Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finan silima. An haife shi a birnin Paris ranar 31 ga Mayu, 1917. A 1941 ya sauka Yamai a matsayin injiniyan hanyoyi da gadoji na gwamnatin mulkin mallaka. A bakin kogin Isa ya haɗu da Damouré Zika, ɗan gidan Sarkawa, wanda ya nuna masa sha'anin masunta da na bori. Daga 1946 zuwa 1947 ya bi kogin cikin kwalekwale tare da abokansa biyu, yana ɗaukar hotunan rayuwar mutanen gaɓa. Daga nan ya rungumi silima har ƙarshen ransa, ya shirya fina-finai fiye da 100.

Aikinsa bai rasa masu suka ba. Fim ɗinsa "Les Maîtres fous", na 'yan borin Hauka a Accra, ya ɓata wa ɗaliban Afirka rai, domin suna ganin ya zubar da mutuncin baƙar fata a idon Turawa. Amma ko masu sukar sun san cewa bai ɓoye saninsa ba. A Abidjan ya sami Oumarou Ganda, tsohon soja mai aikin dako a tashar jiragen ruwa, ya sa shi cikin "Moi, un Noir" a 1958. Ganda ya zama gwani, har ya fara lashe babbar kyautar FESPACO a 1972. Moustapha Alassane ma, wanda daga baya ya zauna Tawa, ya amfana da shi a farkon aikinsa.

Daren 18 ga Fabrairu, 2004, suna kan hanyar Tawa, motarsu ta yi haɗari kusa da Birnin Ƙonni. Matarsa, da Damouré, da Moustapha sun tsira. Shi ko ya cika yana da shekara 86. An binne shi a Yamai.

Ya ku matasan Ƙonni, da Malbaza, da Illela, dattawan da suka san tarihin wannan masarauta suna ta ƙarewa. Na'urar da Rouch ya sha wahalar ɗauka yau tana cikin aljihun kowa. Ku ɗauki maganarsu tun suna raye.