Colette Besson, wadda ba a sa cikin lissafi ba

Jama'a, yau mun tuno da Colette Besson, Bafaranshiya, haihuwar 1946. Da ta isa wasannin Olamfik na Meziko a 1968, ba mai kawo sunanta. Ashe ta daɗe tana horo kan tsaunin Font-Romeu don ta saba da ƙarancin iska. A tseren mita 400, an kusa ƙarewa tana ta biyar, sai ta zabura, ta wuce Lillian Board ƴar Ingila da ƙyar, ta karɓi zinariya tana hawaye.

Daga baya ta horar da matasa a Togo, ta kuma koyar da motsa jiki a lakwal. Ciwon daji ya ɗauke ta a 2005, tana da shekara 59. Board, baiwar Allah, ciwon nan ne ya kashe ta tun 1970, tana da 22.