TARIHI: Francis Bebey, ma'aikacin da ya ajiye kujerar UNESCO ya rungumi kiɗan na'ura

Duk wanda ya halarci biki a 'yan shekarun nan, ko a Tumfure da ke bakin garin Gombe, ko a Nyanya da Kubwa a nan Abuja, ya san yadda lamarin ya koma. Matashi guda ne zai zo da kwamfuta da manyan lasifikoki, ya cika fili da amon kalangu da na algaita, alhali babu makaɗi ko mabushi ko ɗaya a wurin. Dattawa na kukan cewa na'ura ta raba makaɗan gado da abincinsu, matasa kuma na cewa zamani riga ne. Wannan muhawara ta girmi yawancin masu yin ta a yau. Kimanin shekara 50 da suka wuce, wani ɗan maƙwabciyarmu Kamaru mai suna Francis Bebey ya shiga cikinta tsundum, kuma sai da ya sadaukar da babban muƙami kafin ya ba da tasa amsar.

Haihuwa da tasowa

An haifi Francis Bebey ranar 15 ga Yuli, 1929 a Duwala, birnin da ke bakin teku, lokacin da yankin ke hannun Turawan Faransa. Mahaifinsa fasto ne, gidansu kuma irin gidan nan ne mai yawan 'ya'ya da ƙarancin abin hannu. Abin da kunnensa ya fara sabawa da shi shi ne waƙoƙin coci da kiɗan Turai, domin a wancan zamani 'yan mishan na yi wa kiɗan gargajiya kallon abin ƙi. Amma a unguwarsu akwai wani tsoho da ke kaɗa kayan kiɗan gargajiya idan dare ya yi, a wurinsa ne yaron ya gano cewa mutanensa ma suna da nasu ilimin sauti. Waɗannan rijiyoyi biyu ya ci gaba da ɗiba har ƙarshen rayuwarsa.

Tun yana matashi ya koyi kaɗa jita. A farkon shekarun 1950 ya tafi Faransa neman ilimi, ya yi karatu a Jami'ar Sorbonne da ke birnin Paris, daga baya ya ƙaro ilimin watsa labarai a Jami'ar New York ta Amurka. Kiɗan Andrés Segovia, gwanin jita na ƙasar Sifen, ya yi masa tasiri ƙwarai, har ya sa ya ɗauki jita a matsayin abin da mutum zai zauna shi kaɗai ya kaɗa a gaban jama'a a saurare shi a natse.

Daga rediyo zuwa ofis

Da aikin rediyo Bebey ya fara neman abinci. Ya yi aiki a sashen rediyon Faransa mai watsa shirye-shirye zuwa Afirka, ya kuma yi aiki a Ghana a zamanin Kwame Nkrumah. A can ya koyi sarrafa makirufo da tef, da yadda ake zaɓen faifai a jera su don mai sauraro. Abin da ya gani a wannan fage ya tattara a littafinsa na 1963 kan aikin rediyo a Afirka.

A 1961 ya kama aiki da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da kimiyya da al'adu, a hedikwatarta da ke Paris. Sannu a hankali ya kai ga shugabancin sashen kiɗa. Zamani ne da ake yawo ƙasa-ƙasa ana ɗaukar kiɗe-kiɗen gargajiya don adanawa. A cikin jerin faya-fayan da aka fitar da sunan hukumar a shekarun 1960 har da guda biyu na kiɗan Hausa, waɗanda Ba'amurke David Ames ya ɗauka a Arewacin Nijeriya.

Aikin ofis bai hana shi riƙe alƙalami ba. A 1967 ya fitar da ƙagaggen labarinsa na farko, Le Fils d'Agatha Moudio, labarin wani masunci da ya shiga tsaka mai wuya tsakanin matar da wasiyyar mahaifinsa ta zaɓa masa da wadda zuciyarsa ke so. A 1968 littafin ya ci babbar kyautar adabin Afirka da ake rubutawa da Faransanci. A 1969 kuma ya wallafa Musique de l'Afrique, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1975. A cikinsa ya bayyana cewa kiɗa a Afirka ɗaure yake da rayuwa, da haihuwa da aure da noma da sarauta da mutuwa, kuma kayan kiɗa da yawa muryar ɗan Adam suke kwaikwayo. Bahaushen da ya taɓa jin kalangu na kiran sunan mutum a tsakiyar taro ba ya buƙatar dogon bayani a kan haka.

Shekarar yanke shawara

A 1974, yana da shekara 45, ga iyali ga albashi mai tsoka ga fansho na jiransa, Bebey ya ajiye aiki. Duk ma'aikacin da ya hau matakan aiki ɗaya bayan ɗaya ya san nauyin irin wannan shawara. Abin da ya fito fili daga ayyukansa na baya shi ne, adana kiɗan kakanni a cikin akwati bai ishe shi ba. Yana son kiɗan ya ci gaba da numfashi, ya yi magana da mutanen birni da kayan aikin zamaninsu.

A gidansa na Paris ya kafa ƙaramin sutudiyo da kamfanin fitar da faya-fayansa, ya raɗa masa suna Ozileka. Ya tara fiyanon lantarki da na'urorin ƙirƙirar sauti da akwatin da ke buga ganga da kansa. Dabararsa ita ce ɗaukar sauti hawa-hawa. Zai fara naɗar bugun ganga a kan tef, ya dawo ya ɗora jita, ya ƙara fiyano, sannan ya sa murya, har mai sauraro ya zaci ƙungiya ce guda. Da haka ya zama shi ne mawaƙi, shi ne makaɗi, shi ne mai haɗa sauti, shi ne mai kamfani. Wannan ita ce hanyar da masu sutudiyo a Kano da Kaduna da Gombe ke bi a yau, illa dai kwamfuta ta maye gurbin tef.

Raha mai ɗauke da saƙo

Bebey mutum ne mai barkwanci, kuma da raha yake faɗar abin da ke da ɗaci. A 1976, shekara guda bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1975 a matsayin shekarar mata, ya fitar da La Condition Masculine. A ciki ya shiga rigar wani magidanci da ke ƙorafin cewa matarsa ta waye ta daina jin tsoronsa, ta yadda mai sauraro zai yi ta dariya kafin ya farga cewa mijin ake yi wa shaguɓe. Waƙar ta karɓu sosai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci.

A farkon shekarun 1980 ya karkata ga kayan kiɗan dazuzzukan tsakiyar Afirka. Ya ɗauko sanza, wato ɗan akwatin nan mai siraran ƙarafuna da ake kaɗawa da manyan yatsu, da kuma wata sarewa ta mutanen daji da ake kira Pigmi, wadda sauti ɗaya tal take fitarwa, mai busa ya riƙa cike giɓin da muryarsa. Ya haɗa su da na'urorin lantarki. A nan ne ya nuna matsayinsa a aikace: na'ura ta riƙe bugu, kayan gado su yi jagora. Mutanen da 'yan birni ke rainawa su ya mayar malamansa.

Bai tsaya nan ba. Shi ya tsara kiɗan fim ɗin Yaaba na Idrissa Ouédraogo ɗan Burkina Faso, wanda ya fito a 1989, kuma a 1992 ya wallafa wani labarin, Le Ministre et le Griot, wato minista da maroƙi, kan alaƙar masu mulki da masu baki.

Ba shi kaɗai ba ne

A shekarun da Bebey ke aiki a Paris, wasu ma na gwada irin wannan hanya a kusa da mu. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan fiyanon lantarki a 1978, rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sa shi tsakanin shirye-shirye. A Inugu, marigayi William Onyeabor ya kafa nasa sutudiyon da na'urorin ƙirƙirar sauti. A ƙasar Hausa kuwa, zuwa ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya mamaye waƙoƙin finafinan Kano, daga nan ya shiga waƙoƙin siyasa da na biki da na bege.

Rasuwa da abin da ya bari

Francis Bebey ya rasu a Paris ranar 28 ga Mayu, 2001 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 71. Cikin 'ya'yansa akwai makaɗa biyu, Patrick da Toups, da marubuciya Kidi Bebey.

Tsohuwar zuma, in ji Hausawa, da ita ake magani. A 2012 kamfanin Born Bad na Faransa ya tattara ayyukansa na na'ura daga 1975 zuwa 1982 ya sake fitarwa, a 2014 ya biyo da na sanza, masu sa faifai a wuraren rawa na Turai da Amurka suka yi musu rubdugu. A 2017 ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta ɗauko busar sarewa daga waƙarsa The Coffee Cola Song ta sa a cikin waƙarta Everything Now, kuma ɗansa Patrick ne ya busa.

Abin lura a rayuwar Bebey shi ne, sai da ya shafe shekaru yana sauraron makaɗan gado da nazarin aikinsu kafin ya taɓa na'ura. Wannan ne ya sa kiɗansa bai tsufa ba. Matashin da ke zaune gaban kwamfuta a Tumfure yau yana da kayan aikin da suka fi na Ozileka nesa ba kusa ba. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi tsofaffin makaɗan kalangu da goge da kukuma da ke raye a kusa da shi, ya zauna ya saurare su, ya kira su sutudiyo, ya kuma biya su haƙƙinsu.