Hideki Yukawa: Masanin Da Alƙalaminsa Ya Riga Ido Gani

An haifi marigayi Hideki Yukawa a birnin Tokyo na ƙasar Japan cikin 1907. Yana ƙaramin malami a Jami'ar Osaka ya duƙufa kan tambaya guda: me ke ɗaure furoton da niyutiron a cibiyar ƙwayar zarra? A 1935 lissafinsa ya nuna akwai wata ƙwaya da suke musayarta, mai nauyin ilaktiron kamar 200. Ba wanda ya taɓa ganinta. Shekara 12 yana jira, kafin su Cecil Powell na Ingila su gano ta a 1947. Ita ce ake kira fayon, wadda kan fito in furoton suka yi karo mai tsanani. A 1949 ya zama mutumin Japan na farko da ya sami lambar Nobel. Ya rasu a Kyoto cikin 1981.