Ronald Ross: Likitan da ya tona asirin sauro

Duk wanda ya taɓa yin damina a Kakuri, Makera, Nasarawa ko Barnawa ba sai an ba shi labarin sauro ba. Magariba na yi za ka ji ya fara kuka a kunne, kafin mako biyu wani a gidan ya kwanta. A yau ko ɗan firamare ya san cizon sauro ke kawo maleriya. To amma shekaru 130 da suka wuce manyan likitocin duniya ma ba su da tabbas, da yawa suna ɗora laifin kan gurɓatacciyar iskar fadama. A filinmu na wannan mako za mu duba rayuwar mutumin da ya warware wannan ƙulli.

An haifi Ronald Ross ranar 13 ga Mayu, 1857 a garin Almora na ƙasar Indiya, inda mahaifinsa ke aikin soja a rundunar Birtaniya. Shi fa likitanci bai dame shi ba, hankalinsa na kan waƙa, kiɗa da lissafi. Mahaifinsa ne ya tura shi asibitin St Bartholomew da ke Landan ya karanci aikin likita, kuma a 1881 ya koma Indiya a matsayin likitan soja.

A 1880 wani likitan Faransa, Alphonse Laveran, ya hango ƙwayar cutar a cikin jinin marasa lafiya a Aljeriya. Saura a san ta ina take shiga jikin mutum. A 1894 Ross ya haɗu da Patrick Manson a Landan, wanda ya daɗe yana zargin sauro, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa ya bi diddigin maganar.

Daga nan aka shiga wahala. Shekara biyu cur Ross yana fede sauro ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ga zafi ga gumi, bai ga komai ba. Ashe ba irin sauron da ke ɗaukar cutar yake kamawa ba. Sai ranar 20 ga Agusta, 1897 a garin Secunderabad, ya fede wani sauro mai ɗige-ɗige a fiffike wanda ya sha jinin wani majinyaci mai suna Husein Khan, ya ga ƙwayar cutar tana girma a bangon cikinsa. Wannan sauron shi ne anofilis, kuma saboda wannan rana ce ake bikin Ranar Sauro ta Duniya duk 20 ga Agusta.

Ana cikin haka sai shugabanninsa suka yi masa canjin wurin aiki zuwa inda cutar ba ta da yawa, aikin ya tsaya cak. Da ƙyar, da taimakon Manson, aka mayar da shi Kalkata a 1898. A can ya yi gwaji da tsuntsaye, ya nuna cewa ƙwayar tana tafiya daga cikin sauro zuwa inda yawunsa ke taruwa, daga nan ta shiga jini idan ya yi cizo. A 1902 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Ross ya zo Afirka ta Yamma ma. A 1899 ya je Freetown ta Saliyo a ƙarƙashin makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, ya bi kududdufan da anofilis ke ƙyanƙyasa. Daga baya aka kafa ƙungiyoyin ma'aikata masu cike ramuka da kwashe gwangwanaye. Sai dai Turawan mulkin mallaka sun fi karkata ga wata hanyar: su nisanta gidajensu daga 'yan ƙasa. A zamanin Lugard aka tsara barin filin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, kuma da irin wannan tunani aka zana garuruwa irin su Kaduna. Ilimi ɗaya ne, amma wasu aka kare da shi, aka bar wasu.

Babban gadon da ya bari shi ne lissafi. Ya nuna cewa ba dole sai an kashe duk sauron gari ba; in aka rage yawansa ƙasa da wani mataki, cutar za ta riƙa ja da baya da kanta. A kan wannan tushe masana suka ci gaba da gini, har da binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, daga 1969 zuwa 1976. A can an ga feshi da magani sun rage cutar sosai, amma da aka daina sai ta dawo.

Shi ma ɗan Adam ne, yana da nasa rauni. Giovanni Grassi da abokansa a Italiya su ne suka tabbatar a 1898 cewa anofilis ke yaɗa cutar tsakanin mutane, amma Ross ya shafe shekaru yana rigima da shi kan wa ya riga wa. Ya rasu a Landan ranar 16 ga Satumba, 1932 yana da shekara 75.

To 'yan uwana matasa, har yanzu kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara ta fi kashewa. Anofilis ya fi son ƙaramin ruwan sama da ya kwanta a rami, sawun taya ko inda aka haƙi ƙasar bulo. In matasan layi ɗaya a Sabon Tasha ko Narayi suka ware safiyar Asabar suna cike irin waɗannan ramuka, kowane gida kuma ya rataya gidan sauro mai magani, lissafin Ross ne suke aiki da shi. Darasin Garki kuma shi ne kada a yi sau ɗaya a naɗe hannu.