Godfrey Hounsfield: Injiniyan da ya sa kwamfuta ta leƙa cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam

Ranar 1 ga watan Oktoban 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke unguwar Wimbledon a birnin Landan, aka kwantar da wata mata da likitoci suke zargin tana da ƙari a ƙwaƙwalwa, aka sanya kanta cikin wata na'ura da ba a taɓa gwadawa a kan majiyyaci ba. Na'urar ta yi 'yan mintuna tana zagaya kan nata, sannan aka kwashi bayanan da ta tara a kan tef aka kai wa wata babbar kwamfuta a wani ɓangare na birnin. Hoton da ya dawo dishi-dishi ne, amma ya nuna wani baƙin kewaye a sashen gaba na ƙwaƙwalwar. Da aka yi mata tiyata, likitan fiɗa ya tarar da ƙarin a daidai inda hoton ya nuna. Mutumin da ya ƙera na'urar, Godfrey Hounsfield, ba likita ba ne, kuma bai taɓa samun digirin jami'a ta hanyar karatu ba.

An haife shi ranar 28 ga watan Agustan 1919 a ƙauyen Sutton-on-Trent da ke tsakiyar Ingila, shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar na wani manomi. Gonar ce makarantarsa ta farko. Ya taso yana kwance injinan noma yana mayarwa, ya haɗa na'urar naɗar sauti da hannunsa, har ya taɓa ƙera fukafukai ya yi tsalle da su daga saman tarin ciyawa don ya gane yadda iska take ɗaukar abu. A makarantar sakandare ta garin Newark kuwa bai yi fice ba, in ban da a lissafi da kimiyyar fiziks. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarato a 1939 sai ya shiga rundunar sojin saman Birtaniya, inda ya koyi aikin rada, wato na'urar da ke gano jirgi daga nesa ta hanyar aika sigina da sauraren dawowarsa, har ya zama mai koyar da gyaranta. Bayan yaƙi wani babban hafsa da ya lura da hazaƙarsa ya taimaka masa ya samu tallafin karatu a kwalejin injiniyan lantarki ta Faraday House, ya fito da difloma.

Daga nan ya kama aiki a kamfanin EMI, wanda duniya ta fi saninsa da fayafayan waƙa, ko da yake yana da babban sashen ƙera kayan lantarki. A ƙarshen shekarun 1950 ya jagoranci ayarin da ya ƙera EMIDEC 1100, ɗaya daga cikin manyan kwamfutocin farko a Birtaniya da suka yi amfani da tiranzista a maimakon ƙwayayen gilashi masu zafi da cin wuta. Aikin da ya biyo baya, na ƙera babbar ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, ya rushe, domin kamfanin ya ga ba zai kawo riba ba. Sai aka ce masa ya nemo wani abin da zai sa a gaba.

A wannan zaman jiran ne, a 1967, yana yawon shan iska a karkara, tunanin ya zo masa: idan aka haska akwati rufaffe da hasken eksire ta kowace kusurwa, aka auna yawan hasken da ya fita ta ɗaya gefen, to kwamfuta za ta iya lissafo abin da ke cikin akwatin ba tare da an buɗe shi ba.

Matsalar da wannan tunani ya tunkara tsohuwa ce. Tun da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a 1895, hoton da ake ɗauka da shi inuwa ce kawai, inda duk abin da hasken ya ratsa yake taruwa a fuska ɗaya. Ƙashi yana fitowa sarai, amma ƙwaƙwalwa nama ce mai laushi da ƙoƙon kai ya lulluɓe, don haka ba a ganin komai nata. Domin su sami ko da alama, likitoci sukan zuƙe wani ɓangare na ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ta ƙashin baya, su ɗura iska a madadinsa, sannan su riƙa jujjuya majiyyacin a kan kujera don iskar ta shiga ramukan ƙwaƙwalwar. Wanda aka yi wa haka yakan yi kwanaki yana fama da matsanancin ciwon kai da amai, kuma sau da yawa sakamakon bai taka kara ya karya ba.

Hounsfield ya sauya tambayar gaba ɗaya. Ya ɗauki kai a matsayin abin da za a duba yanka-yanka, kamar burodi. A kowane yanki, siririn haske zai ratsa sau 160 a jere, sai na'urar ta juya da digiri ɗaya ta sake, har digiri 180, abin da ya ba da awo 28,800. Kwamfuta kuma za ta raba yankin gida-gida, 80 a tsaye 80 a kwance, ta yi ta ƙiyasi tana gyarawa har sai ta gano yawan hasken da kowane gida ya shanye. Lissafi ne da ɗan Adam ba zai iya gamawa da alƙalami ba, shi ya sa sai mutumin da ya san rada ya kuma san cikin kwamfuta ne hanyar ta bayyana gare shi.

Gwajin farko a kan gadon wani tsohon injin sassaƙa ƙarfe aka yi shi, da ɗan ƙaramin sinadarin amerisiyam a matsayin tushen haske. Kwana tara ake yi kafin a gama awon abu ɗaya, kwamfuta kuma ta ƙara awa biyu da rabi tana lissafi. Da aka samu fitilar eksire ta gaske, lokacin ya sauko zuwa awa tara. Kamfanin EMI bai san kasuwar kayan asibiti ba, kuma bai yi ɗokin zuba kuɗi ba. An daɗe ana yaɗa cewa ribar fayafayan mawaƙan Beatles ce ta biya kuɗin binciken, amma waɗanda suka bi diddigin takardun kuɗin sun nuna cewa Ma'aikatar Lafiya ta Birtaniya ce ta ɗauki kaso mai tsoka, har ta amince ta sayi na'urorin farko tun kafin a ƙera su. Ma'aikatar ce kuma ta haɗa shi da Dokta James Ambrose, likitan hoto a Atkinson Morley, bayan wasu likitocin sun nuna masa halin ko-in-kula.

Haɗuwar nan ita ce ta mayar da dabarar injiniya ta zama kayan aikin asibiti. Tare suka gwada na'urar a kan ƙwaƙwalwar mutum da aka adana a sinadari, sannan a kan ƙwanyar shanu da Hounsfield yake sayowa daga mahauta. Hotunan ƙwanyar shanun suka ƙi nuna ramukan ciki, har Ambrose ya gano dalili: bugun da ake yi wa dabbar a ka kafin yanka yana sa jini ya cika ramukan. Da suka koma wurin mahautan Yahudawa, waɗanda suke yanka ba tare da wannan bugun ba, sai ramukan suka fito fili. Injiniya shi kaɗai a ɗakin gwaji zai iya shafe watanni yana neman laifin a jikin waya da lissafi.

An bayyana sakamakon a taron likitocin hoto na Birtaniya a watan Afrilun 1972. A 1973 na'urar ta isa manyan asibitocin Amurka, ciki har da Mayo Clinic, a 1975 kuma Hounsfield ya nuna hoton cikin jikinsa da aka ɗauka da sabuwar na'ura mai duba jiki duka. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci tare da Allan Cormack, masanin fiziks haifaffen Afirka ta Kudu, wanda aikinsa a asibitin Groote Schuur na Cape Town ya kai shi ga warware lissafin, ya kuma wallafa shi a 1963 da 1964 ba tare da likitoci sun kula ba. Hounsfield bai san da aikin Cormack ba sa'ad da yake nasa. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir a 1981.

Kamfanin EMI bai ci moriyar abin da ya faro ba. Manyan kamfanonin kayan asibiti suka shigo da na'urori masu sauri, ciniki ya ja baya, a 1980 aka sayar da sashen ga General Electric na Amurka. Shi kuwa Hounsfield ɗaukaka ba ta sauya shi ba. Mutum ne mai kunya, mai gudun jawabi a gaban taro, bai yi aure ba, kuma sai da shekaru suka ja kafin ya mallaki gidan kansa. Abin da ya fi so shi ne tattaki a kan tsaunuka da kaɗa piyano. Ya rasu ranar 12 ga watan Agustan 2004 yana da shekara 84.

Sikanin CT yana jefa wa jiki haske mai yawa fiye da hoton eksire na yau da kullum, shi ya sa likitoci ba sa umartar a yi shi sai da dalili. Amma ga wanda ya bugu a ka a haɗarin mota, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama farat ɗaya, shi ne yake bambanta zubar jini da toshewar jijiya cikin daƙiƙoƙi, alhali maganin ɗaya yana iya kashe mai ɗayan. Ma'aunin da ake karanta hoton da shi yana ɗauke da sunan Hounsfield: ruwa sifili ne, iska 1,000 ƙasa da sifili, ƙashi mai tauri kuma 1,000 ko fiye a sama. Sabon jinin da ya daskare ya ɗan ɗara naman ƙwaƙwalwa a wannan ma'auni, don haka yake fitowa fari a allon likita.